Wata Shida da Rami a Tsakar Gida

An haƙa kabari a tsakar gidana ba a tambaye ni ba, kuma har yau ban huce ba. Wanda ake haƙa wa kabarin yana zaune a kujera yana shan shayi, yana ba da shawara a kan faɗi da zurfi. Mijina ne. Mai riƙe da shebur ƙanensa ne. Wurin da suka zaɓa kuwa shi ne inda na shuka barkono da yakuwa, ƙarƙashin igiyar shanyata, kuma babu wanda ya ce mini ko sannu da barkonon.

Bari in faɗi yadda aka kai nan, kada a ce matar nan ba ta da imani.

Alhaji, Allah ya jiƙansa, atamfa da shadda da farin yadi yake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar tun kafin a kawo ni gidansa. Kamar shekara guda kafin 'yan tawaye su shigo Bangui cikinsa ya fara ciwo, bayan gida ya ƙi, in ya zo sai da jini. Ya sha saiwa, ya sha rubutu, daga ƙarshe aka kai shi Kamaru aka ce ciwon daji ne a hanji. Aka yanke wurin aka ɗinke. Ya dawo siriri kamar sandar awon yadinsa, amma ya koma shago. Bayan shekara ɗaya da rabi da wani abu suka koma a sake duba shi, shi da ƙanensa, ana gab da gari ya rikice baki ɗaya. Ni ba a tafi da ni ba, wai wa zai kula da gida. Suka dawo da takarda mai shafi biyu da magana guda: ciwon ya haura hanta, likita ya ce wata shida.

Na tambaya wa ya ji likitan da kunnensa. Alhaji yana bayan labule yana sa riga, kuma ko yana wurin, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ƙanen ne ya ji. Shi kuma Faransancinsa na kasuwa ne, lamba kawai yake kamawa, sauran maganar ta bi iska.

Na ce a ba ni takardar in karanta. Ina da shekara arba'in da uku na shiga lakwal, makarantar manya, a unguwar Miskine, wurin wata malama Kirista da ta yi ritaya, muna zama a kan benci ƙarƙashin mangwaronta. Shekara uku ina zuwa, dangin miji suna dariya, har na iya karanta sunan magani da allon asibiti ba mai ja mini hannu. Ƙanen mijina ya ce, "Yaya, wannan rubutun likitoci ne, ba allon tsofaffi ba." Alhaji ya naɗe takardar ya kulle a akwatin ƙarfe tare da takardun gida, ya sa mabuɗin a aljihu.

Amma an samo wa karatuna aiki. Gardama ta tashi a kan wane irin wata likita yake nufi, namu ko na Nasara. Liman ya ce ai wata wata ne. Alhaji ya yi lissafi ya ga na Nasara ya fi tsawo da 'yan kwanaki, kuma shi mutum ne da bai taɓa barin gyara a kasuwa ba, sai ya zaɓi na Nasara. Aka rataya kalandar da wani mai shinkafa ya ba mu, aka zagaye ranar da jan biro, aka ce kullum da safe in soke kwana ɗaya tunda ni ce 'yar boko. Aikin farko da ilimina ya yi a gidan ke nan, soke wa mijina kwanaki.

Wata guda da dawowarsu mayaƙa masu adduna da ke farautar Musulmi suka zagaye unguwa. Wanda ya fita bai tabbata zai dawo ba. Malamata ta Miskine ta gudu ta wancan ɓangaren, mu muka maƙale a wannan. Maƙabartarmu tana can waje, ba a isa gare ta, sai mutane suka fara binne nasu a cikin gidaje da bayan masallatai. Daga nan manyan motoci suka fara kwashe jama'a zuwa Kamaru da Chadi. 'Ya'yanmu mata suka bi mazajensu. Ƙanen Alhaji ya samo mana wuri biyu a bayan wata kamiyo, babbar motar kaya, Alhaji ya ce mutumin da ya rage masa wata huɗu ba zai tare wa mai rai wuri ba. Na ce to ni ma ba na zuwa, ba don soyayya ba, don ban yarda da tuwon kowa a cikinsa ba.

Ana gobe za su tashi ƙanen ya zo da hantsi, idanunsa jajur, da shebur da diga a kafaɗa. Ya ce abin da ya hana shi sukuni shi ne samari duk sun tafi ko suna bakin shingen tsaron unguwa, ranar da abin zai faru wa zai haƙa wa yayansa? Shi ba zai samu wanka ba, ba zai samu salla ba, to a bar shi ya samu haƙa.

Na tsaya a kan barkonona na ce, "Wa ya gaya muku Mala'ikan Mutuwa da kalandar mai shinkafa yake aiki?"

Alhaji ya ce, "Hajiya, ki bar yaro ya samu lada."

Yaron shekararsa hamsin da biyu, da furfura a gemu. Ya haƙa yana kuka, Alhaji yana gyara masa alƙibla da sandar awo. Da aka gama Alhaji ya ce a ƙara taƙi guda, ba ya son matsi. Ya yanko likkafani daga farin yadi mafi kyau da ya kwaso daga shago, ya kai shi rana ya duba saƙar kamar zai sayar wa wani. Aka rufe ramin da kwanon rufi biyu, aka tara jar ƙasar a gefe. Ƙanen ya rungume shi, ya juyo gare ni ya ce in yafe masa. Na ce na yafe komai ban da barkono.

Daga nan gidana ya zama wurin ban kwana. Alhaji ya rufe shago, ya kafa kujerarsa a bakin ramin, yana aikawa a kira masa mutane ɗaya bayan ɗaya don a yafi juna. Aka kira mai shagon da ke jikin nasa, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya ba sa gaisawa saboda ruwan rumfarsa yana zuba a kan kayan Alhaji. Suka riƙe hannu, kowa yana cewa laifinsa ne, har suka kusa sabon faɗa a kan wanda ya fi laifi. Aka kira mahaucin layinmu, ƙaton mutum mai wuya kamar turmi, ya durƙusa ya yi kuka har majina, ya rantse shi zai ɗauki kan makara. Ni ma aka zo kaina. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce atamfar da ya ba ni ranar sunan autarmu, wadda ya ce 'yar Holan ce, ba 'yar Holan ba ce. Na ce na sani tun wankin farko, shi ya sa na yi shekara ashirin ina ɗaura ta duk ranar da abokansa na kasuwa za su zo cin abinci.

Abinci kuwa ya rage shi da gangan. Wai gari yana cikin yunwa, bai kamata a zuba shinkafa a buhun da ya huje ba. In na ajiye kwano sai ya ci loma uku ya ture.

A wata na huɗu harsashin da ba a san daga inda ya fito ba ya sami mahaucin yana tsaye a bakin teburinsa. Kafin azahar dattawa suka yi sallama a gidanmu, suna murza hula, suka ce tunda akwai wanda yake a shirye, ko za a ara musu, su kuma su haƙa wani daga baya. Na ce ba za a binne mini mahauci a ƙarƙashin igiyar shanya ba. Alhaji ya ce shi ma bai yarda ba, in tasa ta zo gobe ina zai shiga? A duk zamanmu ban tuna ranar da bakinmu ya zo ɗaya da sauri haka ba. Aka haƙa wa mahaucin a gidansa. Amma Alhaji ya shiga ɗaki ya ɗauko likkafanin nan nasa ya miƙa, ya ce a ƙara yadi biyu don mutumin ya fi shi jiki. Bayan kwana uku ya ce, a hankali, ai layi bai zo kan mahaucin ba, tsallake shi ya yi.

Damina ta sauka. Kwanon rufin ya yi ta yoyo, ramin ya zama rijiya. Kwaɗi suka tare a ciki, sauro ya yi gari. Akuyar maƙwabciya ta faɗa, sai da muka sa igiya ni da ita muka jawo, tana zagina da Sango ina rama mata da Hausa. Alhaji ya ce ba zai kwanta a cikin ruwa ba, don haka kowace safiya bayan an yi ruwa sai ya naɗe wando, ya sauka da tsani, ya yi ta kwarfe ruwa da bokiti yana watsowa waje. Ina tsaye da jan biro a hannu ina kallon mutumin da ya rage masa kwana goma sha tara yana aikin da zai kayar da saurayi.

Ranar da aka zagaye ta zo. Ya yi wanka, ya yanke farce, ya sa farar riga, ya shafa turare, ya kwanta a kan hannun dama yana fuskantar gabas. Ni kuma na jawo murhu har bakin ƙofar ɗakin na ɗora ngunza, miyar ganyen rogo, da busasshen kifi da man ja, na tuƙa gozo, tuwon rogo mai laushi. Har azahar babu abin da ya zo masa sai ƙamshi. Da la'asar ya ce ko akwai ɗan abin taɓawa, don kada ya tafi da jiri. Ya share kwanon.

Washegari ma bai mutu ba. Jibi ma haka.

Na zaci zai yi murna. Ashe kunya ce za ta kama shi. Mutumin da ya yi ban kwana da unguwa guda, ya sa manya kuka, ya bayyana sirrin atamfa, da wane ido zai fita ya sayi goro? Ya shige ɗaki ya sa labule. Wata tsohuwa daga unguwar Yakité ta zo mini ta'aziyya, don labari ya riga ya zagayo daga Kamaru, ta zauna tana Allah ya jiƙan rai sai ga tarin Alhaji daga ciki. Ta bar takalminta ɗaya. Ƙanen kuwa kullum sai ya bugo waya ya ce, "Yaya, ya mai jiki?" da wata irin murya wadda ma'anarta ita ce har yanzu? Daga baya na ji har ya sayi geron sadakar uku.

Alhaji ya ce in gaya wa kowa jiki ya tsananta. Don kada ya zama maƙaryaci sai ya kwanta da gaske. Ya daina sauka ramin, ya daina fita salla, ya koma loma biyu. Cikin mako biyu ƙafafunsa suka fara rawa in ya miƙe. A nan dariya ta ƙare mini. Ciwon yana nan, ban musa ba, amma abin da nake gani yana cinye mijina a gabana jan biro ne. In na bar shi zai kwanta har ya cika wa likita alkawari.

Wata rana yana banɗaki na zare mabuɗin daga aljihun rigarsa na buɗe akwatin. Kwana biyu ina bin takardar da yatsa a kicin, ina haɗa baƙaƙe kamar yadda malamata ta koya mini. Na gane hanta. Na gane lamba uku. Na gane kalmar da ke nufin dama. Kalmomi da yawa sun fi ƙarfina, amma lamba shida kowa ya san ta, na neme ta sama da ƙasa, gaba da baya, babu. A ƙasan shafi na biyu kuma ga wani layi da na karanta har sau biyar don in tabbata: a dawo da shi bayan wata ɗaya.

Akwai wani likita da farar mota ke shigowa da shi unguwa sau biyu a mako, yana duba mutane a wani ɗan asibiti kusa da babban masallaci. Dattijo ne ɗan ƙasa, mai tabarau ɗaure da zare. Na bi layi tare da masu rauni da mata masu goyo. Da na shiga ya tambaye ni ina ke ciwo, na ce tsakar gidana, na ajiye masa takardar. Da Sango muka yi maganar.

Ya karanta a natse. Ya ce abin da ake dubawa in ciwon hanji ya haura hanta shi ne tsiro nawa ne, girmansu, ko suna ɓangare ɗaya ko sun watsu, ko sun fito da wuri bayan aikin ko sun jima, sai wata lamba a jini. Na Alhaji uku ne, a ɓangare ɗaya, kuma sun jima kafin su fito. Ya ce ga dukkan alamu likitan can ya faɗi abin da ake tsammani in ba a yi komai ba, sannan ya ce a dawo a fara magani a ga ko za a iya yankewa. Ɗan rakiya ya ɗauko rabin farko ya bar na biyu a kan tebur. Ya ce amma takarda ta tsufa, ba ta san abin da ke cikin mutumin yau ba. Sai ya tambaye ni ko yana tafiya da ƙafarsa, ko yana ɗan aiki.

Na ce, "Har makonni uku da suka wuce shi yake kwarfe ruwan kabarinsa da bokiti."

Ya cire tabarau ya dube ni. Na ba shi labarin ramin. Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna motsi, sannan ya nemi gafara.

Na ce to shidan nan daga ina ta fito? Ya ce a ɗauka an jera masu irin wannan ciwon a layi, daga wanda ya riga tafiya zuwa wanda ya fi daɗewa. Lambar da likita ke faɗa ta mutumin tsakiya ce. Rabi ba su kai ta ba, rabi sun wuce ta, wasu da nisa. Na ce wato kamar kayan Alhaji daga Kamaru, kowane direba kwana biyar yake cewa, wani ya iso a uku, wani sai mun fid da rai.

Ya ce, "Kusan haka ne, Mama. Amma ba zan ɓoye miki ba, kowace mota tana isowa."

Na ce, "Na sani. A layin nan, ina mijina yake tsaye?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Shekarata hamsin a duniya a lokacin, ban taɓa jin namiji mai tabarau ya faɗi wannan ba. Na ji ya shiga raina. Ya rubuta mini wasiƙa zuwa asibitin Kamaru, ya ce an fara raka motoci da sojoji, in hanya ta ɗan lafa in kai shi. Amma ya ce can ma ba za su ba mutumin da ba ya iya tsayuwa magani mai ƙarfi ba, balle wuƙa. Sai yana ci, yana tafiya. Na yi masa godiya da Sango, na ce singila, na naɗe takardu biyu a bakin zane.

Na sami Alhaji kwance yana kallon rufi. Na zauna a bakin gado na karanta masa layin nan na ƙasa da Faransanci, da ƙarfi, sannan na fassara. Na gaya masa maganar layi da mutumin tsakiya. Ya fara da faɗan mabuɗi, na bar shi ya gama. Sannan ya ce to yaushe ne?

"Ya ce bai sani ba."

"Wane irin likita ne bai sani ba? Na Kamaru ya sani."

"Ƙanenka ne ya sani, Alhaji. Shi ma geronsa yana can yana cin ƙwari."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya danne. Na ce gobe ya tashi ya ci abinci ya buɗe shago, a kuma cike ramin nan. Ya ce abinci zai duba, shago sai mutane sun manta, amma rami yana nan. Ɗan'uwansa ne ya haƙa da hawayensa, kuma mutum ba ya mayar da kyauta. Ya juya mini baya. Na san shi, muddin bakin ramin nan yana buɗe zai zauna yana gadinsa kamar shagon da aka bar masa amana.

Ba zan faɗi wata nawa ya ƙara a duniya ba. Masu tambaya suna da yawa, musamman waɗanda aka ba nasu lamba, amma na daina ƙidaya wa mutane kwana.

Da gari ya waye na sauke kalandar mai shinkafa na hura wuta da ita, na ɗora koko. Na shiga gidan mai akuya na ce ta biya ni jan igiya da 'yar ayaba guda daga bayan ɗakinta. Na yaye kwanon rufin, na kori kwaɗin da suka yarda su fita, na tura jar ƙasar nan da shebur ɗin da ƙanen ya bari, na haɗa da tokar murhu da kashin akuya. Hannuna ya yi kanta kafin ramin ya cika. Na dasa ayabar a tsakiya, na taka gindinta da ƙafa.

Ƙarar shebur ta fito da shi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dafe da bango, ya dubi wurin, ya dube ni. Na ce ban mayar da kyautar ba, ga ta nan, na sa mata abu ne a ciki. Ya ce ayaba ai sai ta shekara kafin ta yi 'ya'ya, wa zai ci?

Na miƙa masa bokitinsa na ce rijiya tana inda take, safe da yamma ake ba ta ruwa.